Kifin da ya girme ka bai kamata ya zama abincin kullum ba

Kwanakin baya na ga wani bidiyo da ake ta yawo da shi, wasu mutane ne a cikin jirgin ruwa can tsakiyar Tekun Atlantika sun jawo wani ƙaton kifi, sai da mutum biyu suka kama kafin ya ɗagu, idanunsa sun firfito, cikinsa ya kumbura har tumbinsa ya leƙo ta baki, su kuma sai ihu suke suna tafawa. Kifin shi ne wanda ake kira rekfish, kifin ɓaraguzan jirgi. Murnarsu ba ta dame ni ba, duk wanda ya sha wuya ya samu ai dole ya yi murna. Maganar da ɗayansu ya yi ce ta tsaya min a rai, wai irin waɗannan cike suke a ƙasan ruwa, ko shekara nawa za a yi ana kwasa ba za su ƙare ba.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma irinta ce ta gama da kifaye da yawa a duniya.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ni ban ce kada a kama rekfish ba, ban kuma ce kada a ci ba. Cewa nake a kama shi da ƙidaya, a ƙyale shi a lokacin da yake zuba ƙwai, a hana kayan sun da ke kwashe komai, kuma in hakan ya sa ya yi tsada to ya yi tsadar, haka ya kamata. Duk inda ake kama shi babu wannan tsari, mai saye ya haƙura da shi ya nemi wani kifin, kifaye masu daɗi ba su ƙare ba.

Wane irin kifi ne ma tukuna

Ƙaton kifi ne mai babban kai da wawakeken baki, leɓen ƙasa ya ɗara na sama tsawo, launinsa toka-toka da duhu a gadon baya. Babbansa yana kaiwa mita 2 a tsawo, nauyi kuma har kilo 100, ko da yake yawancin waɗanda ake kamawa ba su kai rabin haka ba. Ana samunsa a gabas da yammacin Atlantika ta arewa, da Bahar Rum, da kudancin Brazil, da Afirka ta Kudu, har Ostireliya da Niyu Zilan.

Rayuwarsa kashi biyu ce, kuma nan ne abin yake burge ni. Yana ƙarami a saman ruwa yake zama, duk abin da ya gani yana yawo a kan teku sai ya laɓe a ƙarƙashinsa ya bi shi, ko gungumen itace ne, ko ciyawar teku, ko ɓallin katakon jirgin da ya farfashe, a haka zai yi ta tafiya dubban kilomita yana cin ƙananan kifayen da su ma inuwar suka zo nema. Sai ya kai kamar santimita 60 sannan ya bar sama ya nutse ƙasa, shi ke nan ya koma mazaunin zurfi, cikin kogunan dutse da gefen tsaunukan ƙarƙashin ruwa da gawarwakin jiragen da suka nutse, daga zurfin mita 40 har 600, wani lokaci ma fiye da haka. A can ƙasa duhu ne da sanyi, abincinsa kifi ne da ƙaguwa da sauran halittun da ke wucewa ta gabansa, kuma in ya girma kusan babu abin da ke farautarsa in ba mutum ba.

To ga inda maganar take. Wannan kifi yana iya rayuwa shekara 70, masu bincike sun samu wanda ya kai wajen 80. Ba ya fara haihuwa sai ya yi kamar shekara 8. Ka tsaya ka yi tunani, ƙaton da aka ɗora a kan jirgi ana ɗaukar hoto da shi mai yiwuwa ne an ƙyanƙyashe shi tun kafin a haifi wanda ya kama shi, mai yiwuwa ma tun kafin a haifi mahaifinsa. Cikin minti kaɗan injin zai jawo shi sama, amma kafin teku ya mayar da irinsa sai an jira shekaru masu yawa.

Sannan yana da wata ɗabi'a da ke cutar da shi, in lokacin zuba ƙwai ya yi sai manyan su taru wuri guda. A ɓangaren Amurka wurin da aka sani shi ne wani tudu na ƙarƙashin ruwa da ake kira Charleston Bump, sama da kilomita 100 daga gaɓar jihar Karolina ta Kudu, inda igiyar ruwan Gulf Stream ke karo da dutse ta karkata. Daga Janairu zuwa Afrilu suke wannan taro. Wanda ya san wurin ya san lokacin, ba sai ya sha wahalar nema ba.

"Ai teku ba ya ƙarewa"

Wannan ce hujjar farko da za a kawo maka, kuma na san daga ina ta fito. Mutum ya tsaya a bakin teku ya duba bai ga ƙarshensa ba, ta yaya za ka ce masa ɗan jirginsa zai rage wani abu? Wani ma zai ƙara da cewa arzikin Allah ba ya ƙarewa. Haka ne, arzikin Allah ba ya ƙarewa, amma Allahn da ya ba da arzikin shi ne ya hana almubazzaranci, kuma kifin nan ba a warwatse yake ko'ina cikin teku ba, a ƴan wurare ƙalilan yake tare.

Mu duba abin da ya faru a Amurka, don shi a rubuce yake. A 1987 jirage 2 kacal ne ke kama rekfish a wancan tudu, abin da suka kawo gaɓa duka bai kai tan 15 ba. Labari ya bazu cewa an samu sabon kifi mai farar tsoka da kasuwa ke so, sai kowa ya ɗaura injin a jirginsa ya nufi can. A 1989 abin da aka kama ya kai wajen tan 1,800. Zuwa 1990 jiragen sun kai gommai. A wannan shekarar hukuma ta sa iyaka ta ce kada a wuce kimanin tan 900, wallahi cikin ƴan watanni aka cinye kason aka rufe. Shekara uku kenan tsakanin jirage biyu da wannan rububin.

Abin da ya ceci kifin a can shi ne an taka birki da wuri. An hana sun sa daga 15 ga Janairu zuwa 15 ga Afrilu, lokacin ƙwai. An hana shimfiɗa dogon mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙasan teku. A 1992 aka raba kason tsakanin masuntan, kowa da iyakar abin da zai kama. Shi ya sa har yau akwai rekfish a wurin, kuma binciken da aka yi a 2014 ya nuna ba a wuce gona da iri a kansa ba.

Yanzu ka juya kudancin Brazil, kifi ɗaya ne, ɗabi'a ɗaya, su ma suna taruwa don ƙwai a gefen zurfi. A can an yi ta kamawa shekara da shekaru babu wani birki na kirki, da ƙugiya da mamari, daga baya ga manyan jirage masu zuba raga a zurfi suna neman wani kifin daban amma suna haɗawa da shi. Kifin ya yi ƙasa sosai har a 2005 gwamnati ta hana kama shi kwata-kwata na shekara 10, kuma aka sa na yankin a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Masuntan da aka ce ana tausaya musu shi ya sa ba a takura musu ba, ƙarshe su ne suka rasa sana'ar gaba ɗaya. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce ai mace ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai, ko kaɗan suka rage za su cike gurbi. Gaskiya ne tana zuba miliyoyi, amma nawa ne ke rayuwa? Ƙwan yana yawo ne a saman ruwa, kusan duka cinye su ake yi ko su mutu, ɗan abin da ya tsira kuma sai ya ƙetare shekarun yawo a sama, ya sauka ƙasa, ya jira balaga. Dalilin da ya sa kifin ke da tsawon rai kenan, uwa tana zuba ƙwai shekara bayan shekara har a dace da shekarar da ƴaƴan za su rayu da yawa. Kuma manyan matan su ne suka fi ƙwai, su ne kuma mai ƙugiya ya fi so. Wanda ya kwashe su a lokacin taro kamar manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo ne, ya ƙoshi a daren amma damina za ta zo ta same shi hannu wofi.

Akwai kuma wata yaudara a cikin sun kifin da ke taruwa wuri guda. Ko yawansu ya ragu da rabi, waɗanda suka rage a wuri ɗaya za su taru, don haka mai jirgi zai ci gaba da cika jirginsa yana rantsuwa cewa kifi na nan lafiya lau, kuma ba ƙarya yake ba, abin da idonsa ya gani yake faɗa. Sai ranar da ya je ya sauke ƙugiya ya ji shiru. Shi ya sa ban yarda a ce cikar jirgi ita ce shaidar yawan kifi ba.

Su masuntan fa, su ci me?

Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Sun rekfish aiki ne mai wuya da haɗari. Jirgi zai yi tafiya mai nisa ya kwana a teku, igiyar ruwa a wurin tana da ƙarfi ƙwarai, sai an sa ƙaton nauyi a bakin waya kafin ƙugiyoyin su kai ƙasa, matuƙi kuma yana riƙe da jirgi yana fuskantar igiyar don kada ta ja su, a sauke waya ɗaruruwan mita a jawo da injin, a sake saukewa, haka dare da rana. Ga kuɗin mai ga ƙanƙara ga gyaran injin. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a wannan, ka zo ka ce masa wata uku kada ya fita, sauran watannin ma ga iyakarsa, dole ya ji zafi.

Kuma tsarin rabon kaso da nake yabo yana da nasa aibin, in faɗi gaskiya. A Amurka mutum 49 aka fara raba wa, ana iya sayar da kason, sai masu ƙarfi suka yi ta saye, wasu suka bar sana'ar suka koma wani kifin, har aka wayi gari jiragen da ke wannan su ba su kai 10 ba. Saurayin da ya taso yana son shiga, ko ya iya aikin, sai ya nemi mai kaso ya saya ko ya yi haya. Sannan a 2012 aka zo aka zabge iyakar daga wajen tan 900 zuwa ɗan sama da tan 100 a lokaci guda, mutanen da suka sayi kaso da kuɗinsu suka ga darajarsa ta zube, daga baya ne aka ɗan ƙara bayan an sake bincike. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

Amma duk wannan ƙorafi a kan yadda aka raba ne. Ana iya gyara rabo, a hana mutum ɗaya tara kaso da yawa, a ware wani abu don sababbin shiga, a daina sauya lamba bagatatan ba tare da an zauna da masuntan ba. Duk waɗannan ina goyon baya. Abin da ba a iya gyarawa cikin sauƙi shi ne kifin da aka ƙarar. In an cire iyakar gobe don a faranta wa kowa, gomman jirage za su dawo, farashi zai faɗi saboda kowa ya kawo kaya rana ɗaya, a yi shekara biyu ko uku ana ganin kuɗi, sannan kowa ya zauna. Masunci na gaskiya da ke son ɗansa ya gaje shi ya fi kowa buƙatar wannan doka, ko da yana zaginta.

Ni abin da ke ba ni haushi ma shi ne yadda ake ɗora wa masunci laifin duka. Shi yana kama abin da kasuwa ta ce tana so ne. In gidajen abinci suna son kifin a kowane wata na shekara kuma da araha, to wani zai je ya samo musu ko ta halin ƙaƙa.

"To mu don nishaɗi muke, muna kamawa mu sake"

Wannan a wani kifin yana aiki, a rekfish da wuya. A cikin jikinsa akwai jakar iska da ke taimaka masa tsayawa a ruwa. A zurfin mita 500 nauyin ruwan da ke danne shi ya ninka na sama kusan sau 50, to da ka jawo shi da sauri iskar nan sai ta buɗe, jakar ta kumbura ko ta fashe, ta turo tumbi waje ta baki, idanu su firfito. Kifin da ya iso sama a haka, ko ka cire ƙugiya ka mayar da shi ruwa, yawanci a sama zai yi ta yawo ya kasa nutsewa har ya mutu.

Don haka a wannan zurfin kamawa kusan daidai take da kashewa. Shi ya sa dokar Amurka ta taƙaita masu sun nishaɗi ga watannin Yuli da Agusta, kuma kifi ɗaya ga jirgi a rana. Wasu na ganin ƙuntatawa ce, ni kuwa ina ganin daidai ne. In ka kama ɗaya, ka naɗe wayarka, ka kai shi gida a ci shi duka har kai da ƙashi, kada a zubar da komai.

Me zai hana a daina cinsa kawai?

Akwai masu wannan ra'ayin, suna cewa kifin da ke rayuwa shekara 70 bai kamata ya shiga tukunya ba sam. Na fahimce su, kuma zuciyata tana ɗan karkata wajensu in na tuna yadda kifin ke isowa sama. Amma ban bi su ba.

Dalilina na farko, an gwada an gani cewa ana iya kama shi kaɗan-kaɗan shekara sama da 30 bai ƙare ba. Kuma kayan da ake kama shi da su a inda aka tsara abin, wato waya a tsaye da ƴan ƙugiyoyi, ba sa yi wa ƙasan teku ɓarna irin ta ragar da ake ja tana kankare komai, ba sa kuma kwaso tarkacen halittun da ba a nema da yawa. In ka ce a ƙaurace wa wanda ya bi doka daidai da wanda bai bi ba, to me ka saka wa mai bin dokar da shi?

Na biyu, mutanen da ke fita neman kifin su ne idon masu bincike. Daga kifin da suka kawo ake ciro ɗan ƙashin kunne a ƙirga shekarunsa, ana auna tsawo ana duba ƙwai. Wurin da babu mai zuwa da izini, ba a sanin abin da ke faruwa a cikinsa, kuma ɓarawo ya fi sakewa.

Na uku kuma, kifin yana da daɗi, kuma wannan ba abin kunya ba ne a faɗa. Tsokarsa fara ce tas, mai kauri, ba ta wargajewa a wuta, ba ta da ƙarni sosai, tana ɓarewa fala-fala manya. A Fotugal da tsibiran Azores da Madeira, inda suke ce masa cherne, yana cikin kifaye mafi daraja, yanka mai kauri ake yi a gasa a kan gawayi da gishiri da man zaitun, kan kuma a yi romo da shi. A Galisiya ta ƙasar Sifaniya ma haka yake da tsada. A birnin Charleston na Amurka masu dafa abinci suna alfahari da shi a matsayin kifin yankinsu. Mutanen nan sun daɗe da shi, ba ni da hurumin ce musu su manta da shi.

Abin da nake cewa shi ne a ci shi yadda ya dace da shi, jefi-jefi, ranar wani abin farin ciki. Ko don lafiyar jiki ma hakan ya fi, domin duk babban kifi mai cin ƴan'uwansa kuma mai tsawon rai yana tara sinadarin makuri a tsokarsa a hankali, shi ya sa ake ba mata masu ciki da ƙananan yara shawarar su rage cin irin waɗannan manyan kifaye.

Sai kuma mai saye ya buɗe baki ya yi tambaya: daga ina aka kamo shi, da me aka kama shi, a wane wata? Mai sayarwa na kirki ya san amsa. Kuma a kula da suna, a Ingila alal misali ana yawan rubuta stone bass a takardar abinci, sunan da asali na rekfish ne, alhali abin da ke cikin farantin wani kifi ne daban da ake kiwo a Bahar Rum. Wancan kifin ba shi da laifi, amma mutum yana da haƙƙin sanin abin da ya biya kuɗi ya ci, kuma in sunaye suka cakuɗe babu yadda za a yi a bi sawun abin da ake kamawa.

Kiwo zai magance matsalar?

Ina fata, amma kada mu yi saurin dogara da shi. Abin da ke jan hankalin masu kiwo shi ne ƙaramin rekfish yana girma da sauri in an tsare shi ana ba shi abinci, kuma ba shi da tsoron mutane. Tarayyar Turai ta sa shi cikin wani shirin bincike mai suna DIVERSIFY daga 2013 zuwa 2018, an yi aiki a kansa a Galisiya da tsibirin Kirit na Girka, an samu ya zuba ƙwai a tanki. Inda abin ya fi wuya shi ne raya ƴan jariran bayan ƙyanƙyasa, mutuwa suke yi da yawa. Ga shi kuma sai an jira shekaru kafin iyayen su balaga, kuma kifi ne mai cin nama, abincinsa ma daga wasu kifayen teku za a samo.

A ci gaba da binciken, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma kada wani ya ce tunda za a yi kiwo nan gaba to a saki hannu a kan na teku yau.

Dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ba

Wannan shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi aka fi yin shiru a kai. Ƙwan da aka zuba a gefen Amurka ba a nan yake zama ba, Gulf Stream ce ke ɗaukar ƴaƴan ta yi gabas da su, su bi ta wajen Azores da Madeira da gaɓar Turai, wasu su zagayo su dawo yamma suna manya. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna na Atlantika ta arewa duk dangi ɗaya ne, daban da na Brazil. Akwai ma wata shaida da ta fi wannan sauƙin ganewa, masunta a Karolina sun sha kama rekfish su tarar da tsohuwar ƙugiya maƙale a bakinsa irin wadda ba a amfani da ita a Amurka, irin ta masuntan gabashin Atlantika ce. Wato kifin ya tsinke wa wani a can, ya ƙetare teku guda da ƙarfe a baki, ya zo ya faɗa hannun wani.

To ka ga kenan in Amurka ta rufe wata uku tana kare iyaye, amma a ɗaya gefen ana kwashe matasa kafin su balaga, wahalar banza ake yi. Haka in su Fotugal da Sifaniya suka tsare nasu amma aka sake rububi a wurin ƙwai, su ma za su gani a jiragensu bayan wasu shekaru. Ga kuma tsaunukan ƙarƙashin ruwa da ke tsakiyar teku, can inda ba ruwan kowace ƙasa ba ne, sa ido a wurin yana da wuya ƙwarai.

Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa rekfish na duniya a rukunin waɗanda bayanai a kansu ba su isa a yanke hukunci ba. Na ji masu cewa tunda ba a tabbatar yana ƙarewa ba to a bar mutane su kama. Ni a wajena wannan dalili ne na a rage hannu. Kifin da sai ya shekara 8 kafin ya haihu, in ka jira sai lambobi sun tabbatar maka ya ragu, to ɓarnar an yi ta tun shekaru goma da suka wuce, kuma gyaranta zai ɗauki fiye da haka.

Kifin tuna da ake kamawa a Atlantika yana da hukumar da ƙasashe ke zama tare su raba kaso, don kowa ya yarda kifi ne mai ƙetare iyaka. Rekfish ma yana ƙetarewa, sai dai kasuwarsa ƙarama ce shi ya sa babu mai ɗaga murya. Abin da nake so in gani bai fi ƙarfin kowa ba: Amurka da Fotugal da Sifaniya da sauran masu kama shi su haɗa alƙaluman abin da kowa ke kamawa wuri guda, su yi ƙidaya ɗaya ta dangin gaba ɗaya, su amince da mafi ƙarancin girman da za a kama don a bar matasa su kai ga haihuwa, kuma duk inda aka gano wurin taron ƙwai a rufe shi a lokacinsa ko a ruwan wa yake.